Azurfar Kakanni da Jakar Waziri

A zamanin da, an yi wani sarki da ya gaji tsofaffin kuɗin azurfa masu ɗauke da sunayen kakanninsa. Ba ya kashe su, duba su kawai yake yi a kowace sallah. Wata shekara aka buɗe masa, ya tarar sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Waziri Kwasau, wanda bakinsa ke riga hankalinsa isa fada, ya ce, "Ranka ya daɗe, azurfar gaske ba ta baƙi. Ma'aji ya musanya su." Sarki ya fusata, ya ce a yanke hannun Ma'aji Jatau.

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa. Shekara talatin bai taɓa kuɗin nan da tsirarar yatsa ba, yau shi ne ɓarawo.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a farin ƙyalle nake naɗe su, in sa a tulu da gawayi ya sha laima. Waziri ne ya ce tsumma da gawayi ƙazanta ce, ya kawo jakunkunan jar fata sababbin jima. Na yi magana, ya ce tsoho ya cika surutu. A ba ni kwana arba'in da zobban azurfa biyu da ke hannunsa."

Sarki ya yarda. Aka sa zobe ɗaya a ƙyallen Jatau, ɗaya a jakar Waziri, sarki ya kulle da kansa. Ran arba'in na ƙyalle ya fito fes, na jaka ya dushe ya yi baƙi.

Jatau ya ce, "Ashe zoben Waziri ma na jabu ne. Wa ya musanya masa?"

Nan take sarki ya sa aka kwance rawanin Kwasau, sannan ya ce, "Jatau, a goge mini kuɗin da toka."

"Ranka ya daɗe, ba zan goge ba. Toka za ta ci baƙin, ta haɗa da sunayen kakanninka." Ya miƙa hannunsa na dama. "In dole sai an goge, ga shi, a cika umarnin farko."

Sarki ya ce ya mayar da hannunsa. Ya ce a kawo farin ƙyalle da gawayi, a adana kuɗin yadda suke.