Bencin Baya

An ce wai a wani ƙauye na kudancin ƙasar Katsina an yi wani tsohon fasto, Baba Habila, wanda ba ya gaggawar magana, in kuwa ya yi ta ba ya maimaitawa. A ikkilisiyarsa akwai wani manomi, Nomau, wanda wata damina son zuciya ya ja shi ya tumɓuke gambar da ke kan iyakar gonarsa da ta Dattijo Irmiya, ya dasa ta taku biyar a cikin gonar dattijon. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Da asiri ya tonu, Nomau ya mayar da gamba inda take, ya amsa laifinsa a gaban jama'a, yana jin da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Al'adar ikkilisiyar kuwa, mai laifi yakan zauna a bencin baya, dab da ƙofa, har a ga tubarsa. Irmiya ya ce, "Baba, ni fa na yafe masa, ai Kirista ne ni. Amma sai ya yi shekara cur a bencin nan, don wasu su ji tsoro." Yafiya ke nan irin ta wanda ya miƙo maka ruwa ya ƙi sakin moɗa.

Dattawa suka rabu biyu. Wasu na cewa in an sassauta, gobe ba iyakar da za ta tsaya. Wasu na cewa in an tsananta, an rasa mutum, don kowa ya san kunya ta sa Nomau ya fara shirin barin garin da iyalinsa. Sai Baba Habila ya ce, "An ba Irmiya abin da ya nema."

Ranar Lahadi Nomau ya zauna a bencin baya, kansa a ƙasa, ya ƙudura wannan ce sujadarsa ta ƙarshe a garin. Sai ya ga tsohon faston ya ciccibi ɗan teburin wa'azi da hannunsa, ya ratsa tsakiyar jama'a yana haki, ya dire shi a bakin ƙofa, daidai gabansa. Ya ce, "Jama'a, ku juyo." Da yake bencinan na laka ne, ba majingina, kowa ya juya a mazauninsa. Nan take bencin baya ya zama na gaba, Irmiya kuma, da ya saba zama a sahun farko, ya tsinci kansa a can ƙurya.

Ya miƙe a fusace. "Baba, me na yi aka mai da ni baya?"

"Ban gusar da kai ba, ɗana," in ji tsohon. "Ni ne na zo inda mai laifi yake. Ubangijinmu ma da ya so yafe mana bai zauna a sama yana cewa mu hauro ba, saukowa ya yi. In kana son kusa da teburinsa, ga wuri nan kusa da Nomau."

Jikin Irmiya ya yi sanyi. Ya tako a hankali, ido na kansa, ya zauna gefen Nomau, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ɗan'uwa, da baki kawai na yafe. Ka yafe mini." Nomau, yana hawaye, ya kama hannunsa ya riƙe gam.

Shi ya sa masu hikima suka ce, yafiyar da ba ta tashi daga mazauninta ba, ba ta isa wurin mai laifi ba tukuna.