Yadda Kwasakwasa Ta Rasa Muryarta

Dalilin da ya sa kwasakwasa take da jaka a maƙogwaro amma ba ta da murya, mu ne. Ku gyara zama, ba na maimaita magana.

A da wuyanta sumul yake, kukanta kuwa har ƙetaren tafki ake jin sa. Garkensu yana ƙyanƙyasa a tsibirin da ke tsakiyar tafkinmu. Da hantsi sukan jeru, su bugi ruwa da fikafikai, su koro kifi zuwa tarun masunta. Sharaɗi ɗaya babbarsu, Uwar Garke, ta kafa wa Sarkin Ruwa Jatau.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kowane idon taru ya ci yatsa uku. Manyan kifi naku ne, ƙananan da suka zurare na 'ya'yanmu."

Jatau ya ce, "Na yarda."

Wata shekara ruwa ya ja baya, kamu ya ragu. Sai Nomau masaƙin taru ya zo wurin Jatau da jaririyarsa a kafaɗa.

Ya ce, "Sarki, yatsa uku aka ce. An faɗi na wa?"

Jatau ya dubi hannun jaririyar, ya kau da kai, ya ce, "Ni dai ban ga komai ba."

Nomau ya auna da yatsunta, ya saƙa sabon taru. Ko ɗan karfasa mai girman ƙwayar gyaɗa bai tsira ba. Mata suka shanya su a tabarmi.

Uwar Garke ta sauko gaɓa, ta ce, "Sarki, kwana uku 'ya'yanmu ba su ci ba."

Nomau ya ɗaga hannun 'yarsa yana dariya. "Iya, ƙirga da kanki. Uku ne cif."

Uwar Garke ta tashi zuwa wani kogi mai nisa, ta cika baki da kifi. Yunwa na cin ta, amma ta ƙi haɗiye ko ɗaya. Nauyin ya yi ta jan fatar wuyanta har ta saki. Da ta iso tsibiri ta zube kifin gaban 'ya'yanta. Babu wanda ya ɗaga kai. Ta yi ta kiran su ɗaya bayan ɗaya, har muryar ta dishe, ta ɗauke.

Garken ya tashi. Babu mai koro kifi, babu kuma ƙananan kifi da za su girma. Jatau ya ƙone tarun da hannunsa, ya shekara bakwai yana zuwa gaɓa yana kira. Kaɗan suka dawo, kuma ba wadda ta sake ce wa ɗan Adam uffan.

Shi ya sa har yau za ku gan ta tsaye shiru, jaka na reto a wuyanta. Da muke yara ba sa ƙirguwa. Bana sha ɗaya na ƙirga. Duk wanda na kama a cikinku yana tace tafki da gidan sauro, kada ya sake kira na Kaka.