Igiyar da Ta Sauke Filibus

Akwai wani mutum a wani ƙauye, mai haƙar rijiya ne, uba da kaka. Ya tsufa, bayansa ya ƙi sunkuyo, 'ya'yansa kuma duk sun tafi birni. Ga wata rijiya da ya fara wa mutanen gari ta tsaya a rabi, damina kuwa tana matsowa. Sai ya aika a faɗa a kasuwa cewa yana neman wanda zai koya wa sana'ar.

Ba wanda ya zo sai Filibus, ɗan wata gwauruwa, saurayi wanda shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana goye. Da hannuwansa ya jawo jiki har bakin ramin, ya gai da tsohon, ya ce, "Baba, na ji kiran. Na gaji da zaman ƙofar gida ana miƙo mini tuwo."

Samari biyu masu jan guga suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Filibus, in ka faɗa ciki, me za mu gaya wa tsohuwarka?"

Ya ce, "Ku gaya mata masu ƙafafu suna sama suna leƙe."

To, a gidan tsohon akwai ka'ida. Ana sassaƙa 'yan ramuka a bangon rijiya, dama da hagu, mai haƙa yakan buɗe ƙafafu ya taka su ya sauka. Wanda bai sauka haka ba, ba a ba shi dagi, wato ƙarfen haƙa. Tsohon ya nuna masa ramukan, ya ce, "Ɗana, haka ubana ya gwada ni. Ka koma gida, zan aiko muku da hatsi."

Filibus ya ce, "Ba hatsi na zo nema ba, Baba." Bai kuwa tafi ba. Ya zauna a gefe yana kallo.

Tsohon ya tura ɗaya daga cikin samarin. Ya sauka da kyau ƙwarai, amma ƙasan rijiya wuri ne matsattse, a zaune ake aiki. Bai daɗe ba ya fara ihu, ƙafafunsa sun sage. Ya cika guga da ƙasa da ƙyar, aka ja. Tsohon ya tsaya yana duban igiyar nan tana fito da kaya mai nauyin mutum. Ya dubi kafaɗun Filibus, waɗanda jan jiki ya mayar kamar na maƙeri. Sa'an nan ya ce, "Ku kawo sabuwar igiya."

Da hannunsa ya ɗaure guntun itace ya zama mazauni, ya gwada ƙullin da nauyin jikinsa, ya ɗora Filibus a kai, ya miƙa masa dagin ubansa. Suka sauke shi a hankali.

Zaman da ya gagari wancan, shi ne zaman Filibus tun yarinta. Tsohon yana sama yana koya masa yadda ake daidaita bango, gugan kuwa bai huta ba. Kafin hadarin farko, sai murya ta fito daga ƙasa: "Baba, ƙasa ta jiƙe!"

Da aka fito da ruwan fari, bisa al'ada maigidan sana'a ne yake fara sha. Tsohon ya karɓi ƙwaryar a gaban dukan gari, ya durƙusa da bayansa mai ciwo, ya ce, "Ku shaida, ga magajina." Ya ba Filibus ya sha.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Rijiyar ita ce aikin da Ubangiji ya ba kowane mutum domin ya ci gumin kansa. Ramukan bango su ne ka'idodin da muka gāda, muna auna matasa da su, alhali hanyar shiga ce kawai, ba aikin ba ne. Hatsin shi ne tausayinmu, wanda yake ciyar da mutum yau, ya bar shi a ƙofar gida gobe. Igiyar kuwa tana hannunmu tun dā, muna jan ƙasa da ita.

Kai mai shago, ke mai keken ɗinki, kai kafinta: akwai makaho ko kurma ko gurgu a ikkilisiyar nan da ya taɓa zuwa gare ka, ka sallame shi da sadaka. Ka neme shi a makon nan, ka tambaye shi aikin da yake so ya koya.