Dangin Gawo

A zamanin da, a wata ƙasa mai yalwar gero, an yi wani sarki, Jatau, wanda ba ya son a saɓa masa, ko da itace ne. Wata damina ya fita rangadi, ya ga kowane tsiro ya yi kore shar, sai gawo kaɗai tsaye ba ganye.

"Wannan baƙo ne," in ji sarki. "Kowa na murnar ruwa, shi ya tuɓe. A sare shi a duk gonakina."

Hankalin Waziri Mantau ya tashi, don ya san da ganyen gawo da 'ya'yansa dabbobi ke rayuwa da rani. Ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, al'adar ƙasar nan ba a korar baƙon da ke da dangi a gari."

"To, kawo danginsa kafin kaka. In babu, gatari ya ci gawo, kai kuma ka ajiye rawani."

Mantau ya yi ta yawo a daji yana gwada ganye da ganye, tsawo da tsawo, bai dace ba. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Wata rana matarsa na ɓarar wake a tsakar gida, ya tsaya yana kallon ƙwayoyin jere cikin kwasfa. Sai ya tuna ba a nan kaɗai ya taɓa ganin wannan jeri ba.

Ya zo fada da faifai, ya ɓare wake, da ɗorawa, da tsamiya, sa'annan busasshen ɗan gawo. Duk ciki ɗaya.

"Wake mai jan ciki, ina shi ina wannan ƙato?" in ji sarki.

"Allah ya ja zamaninka, ba a tsawo ake gane zuriyar tsiro ba, sai a 'ya'ya. Gidansu ɗaya."

Sarki ya daɗe yana juya ɗan gawon a tafinsa. Ya umarta a riƙa kiran kowane tsiro da suna biyu, na gidansu da nasa, kada a sake ɗaukar ɗan gida baƙo.

Sarkin dogarai ya matso. "Gaturan fa, ranka ya daɗe?"

"A mai da su," in ji sarki. "Da safen nan na ci ƙosai. Da wane ido zan sare wan wake?"