Awon da Malama Murja Ba Ta Yi Ba

A wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Baure, cikin masarautar Daura, an yi wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Murja. Shekararta goma sha bakwai tana aiki a ɗan asibitin garin. Kusan duk yaron da ka gani a ƙauyen yana tafiya makaranta, ta hannunta ya bi yana jariri. Mace ce mai fara'a, ba ta yi wa mata tsawa, ba ta wulaƙanta kowa. Aibinta ɗaya ne. Ta yarda da kanta ƙwarai, har ta daina yin aikin yadda aka koya mata.

Ranar Talata ce ranar awon yara. Tun da hantsi mata suke cika rumfar asibitin, kowace da goyonta da katinta. Aikin ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. A tuɓe yaro a sa shi cikin wandon sikeli, a rataya, a karanta nauyinsa. A kwantar da shi a kan allo a ga tsawonsa. A zagaya tef a damtsensa a duba ko kore ya nuna, ko rawaya, ko ja. Sannan a tambayi uwa ko ya fara zama, ko ya fara rarrafe. Daga nan sai a ɗiga alama a kati, a haɗa ta da ta watan jiya. In layin yana hawa, yaro yana girma. In ya tsaya ko ya sunkuya, akwai magana.

Murja ta yi shekaru tana yin haka tiryan-tiryan. Wata Talata mata suka yi yawa, yara suna ta kuka, sai ta ɗaga wani jariri da hannu ta ce zai kai kilo shida. Da ta rataya shi, kilo shida ɗin ne. Ta gwada na biyu, ta sake dacewa. Tun daga ranar ta ga kamar sikeli ɓata lokaci ne. Sannu a hankali ta koma ɗaga yaro sau ɗaya, ta dubi abin da ta rubuta a watan jiya, ta ƙara masa ɗan abu ta rubuta. Tef ɗin damtse ya koma cikin durowa, allon tsawo kuma aka jingine shi a bango.

Shugaban asibitin, wani dattijo mai suna Malam Sha'aban, ya lura. Ya same ta wata rana ya ce, "Malama Murja, na ga yau ba a rataya sikeli ba. Ko ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau, Malam," in ji ta tana dariya. "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Yaran nan ni na karɓi haihuwar rabinsu."

Malam Sha'aban ya ce ta dai riƙa kiyayewa, ya koma ofishinsa. Bai sake tayar da zancen ba, don yana ganin girmanta.

Cikin matan da ba sa fashin ranar awo akwai Kubura, matar wani manomi mai suna Badaru. Goyonta namiji ne, sunansa Harisu, shi ne ɗanta na uku. Yana da wata bakwai ya yi gudawa ta kwana shida. Gudawar ta tsaya, amma yaron bai koma yadda yake ba. Nono ma sai ya kama ya saki, kunu kuwa cokali biyu ya kau da kai.

Da Talatar awo ta zo, Kubura ta ce, "Malama, yaron nan kamar yana ramewa. Ko a bayana ba na jin nauyinsa yadda na saba."

Murja ta ɗaga shi da rigarsa da zanensa, ta yi masa wasa, ta miƙa mata. "Haƙori ne ke tafe. Kowane yaro haka yake yi." Ta rubuta kilo bakwai da ɗigo biyu, ta ja layi sama.

Wata ya zagayo, Kubura ta dawo. Wannan karon ta jira sai da mata suka ragu, ta matso kusa ta yi ƙasa da murya. "Malama, ki yi haƙuri. Yayyensa biyu a wannan watan har sun fara rarrafe. Shi ko zama ba ya yi sai na tokare shi da filo. Kuma ya daina dariya."

"Kubura, ke dai kin cika damuwa," in ji Murja. "Ba a haɗa yaro da yaro. Dubi katinsa." Ta nuna mata layin da ita kanta ta zana. "Kin ga yadda yake hawa? Bakwai da ɗigo shida ke nan yanzu."

Kubura ba ta yi karatun boko ba, amma an koya musu cewa layi mai hawa alheri ne. Ta koma gida ta faɗa wa Badaru cewa hankalinta bai kwanta ba, ko za su kai yaron Daura a duba shi. Badaru ya karɓi katin ya duba, ya ce, "Ga shi a rubuce yana ƙaruwa. Ke kin fi Malama sani ne? Ga shuka ta kama, ki bari mu ga yadda zai yi."

A wata na uku ƙafafun Harisu suka kumbura, kumatunsa suka yi suntum, gashinsa ya yi laushi ya koma ja-ja. Da Murja ta ga kumatun daga nesa, ba ta ma bari an kwance shi daga goyo ba.

"To, ba ga shi ba? Har ya yi ƙiba. Yanzu kya bar mu mu huta."

"Malama, wannan ba ƙiba ba ce," in ji Kubura. "In na danna ƙafar, wurin yakan lotsa."

Mata suna jira a layi, rana ta take. Murja ta rubuta kilo takwas, ta kira ta gaba.

Bayan kwana tara, Murja tana jera magani da safe, Malam Sha'aban ya kira ta ofis. Fuskarsa ba walwala. Ya ce an bugo masa waya daga wani asibiti a Daura. Kubura ta je bikin suna gidan yayarta, yayar tana ganin yaron ta ɗauke su sai asibiti. An kwantar da shi, tamowa ce mai tsanani. An ɗora shi a sikeli, duk da kumburin, kilo biyar da ɗigo takwas ya nuna. Tef ɗin damtse kuwa ja wur.

"Likitar ta ce a kawo mata wadda ta cika katin nan," in ji shi. "Tare za mu je, don ni ma ina da laifi. Na gani na yi shiru."

A cikin mota har Daura, Murja lissafi take a ranta ko akwai wata hujja da za ta kawo. Ta yi tunanin ta ce sikelin ne ya samu matsala. Amma da suka shiga ɗakin yara ta hango Harisu kwance, an tuɓe shi, damtsensa bai fi kaurin yatsunta biyu ba, an zura masa siririn tiyo ta hanci ana ba shi madara, sai ta fasa. Wata biyar ke nan rabon da ta ga jikin yaron ba riga.

Likitar, wata mata mai suna Dakta Fadila, ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye katin a kan tebur ta ce, "Malama, yaushe kika rataya yaron nan a sikeli na ƙarshe?"

Murja ta sunkuyar da kai. "Yana wata huɗu."

"Da an auna shi bayan gudawar nan, da layin ya nuna ya sunkuya. Da shawarar abinci da ɗan magani sun ishe shi, yana gida. Yanzu sai abin da Allah Ya yi. Kuma ba shi kaɗai ne ya bi ta hannunki ba."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi dukan Murja. A makon aka turo ma'aikata biyu ƙauyen suka sake auna duk yaran da ke da kati. Aka samu goma sha ɗaya da nauyinsu ya yi ƙasa da abin da aka rubuta musu, uku daga ciki tef ya nuna ja. Aka fara ba su abincin gina jiki nan take. Murja kuwa aka dakatar da ita daga aiki, daga baya aka rage mata matsayi aka mayar da ita ɗakin ajiyar kaya a Baure, inda ba ta taɓa yaron kowa.

Harisu ya yi kwana ashirin da uku a asibiti. Allah Ya yi da sauran kwanansa, kumburin ya saɓe, ya fara karɓar abinci, aka sallame su. Sai dai bai fara tafiya ba sai da ya haura shekara ɗaya da rabi.

Kafin ta bar ƙauyen, Murja ta tafi gidan Badaru da la'asar. Ta yi sallama, Kubura ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo mata ruwa. Suka gaisa, Murja ta tambayi mai jiki. Sannan ta ce, "Kubura, na zo neman gafara. Na ci amanarki, na ci amanar yaron nan. Ki yafe mini don Allah."

Kubura ta ce, "Na yafe miki, Malama. Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Amma akwai abin da nake so ki yi mini."

"Faɗi."

"A garin nan ana cewa ni na bar ɗana da yunwa. A rijiya ake faɗa, a gidan biki ake faɗa. Har uwar mijina ta ce da ina da kula da na gane tun da wuri. Sau uku na faɗa miki, Malama. Ni da ke kaɗai muka san haka."

Murja ta ce ta ji.

Ranar Talata ta zo asibitin ba da farar rigar aiki ba. Rumfa ta cika da mata, sabuwar ma'aikaciya tana rataya yara ɗaya bayan ɗaya. Murja ta roƙe ta izini, ta tsaya a gaban mata. Ta faɗa musu cewa ta yi watanni tana rubuta musu awon da ba ta yi ba. Ta ce Kubura ta kawo mata kuka sau uku, ita ce ta ƙi saurara. Ta ce duk wadda ta zargi Kubura ta ɗauki alhakinta, ta je ta nemi gafararta.

Can sai wata tsohuwa ta tashi daga gefe, uwar Badaru ce, ta rako jikanta awo. Ta taka a hankali har inda Kubura take zaune, ta dafa kafaɗarta ta ce, "'Yar nan, ki yafe mini." Kubura ta ja mayafi ta rufe fuska. Murja ta fita ta ƙofar baya ta nufi tasha, ba wanda ya raka ta.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, daɗewa a kan aiki ba ta ɗauke wa mutum bin ƙa'idarsa. Jariri ba shi da bakin da zai ce yana ramewa, sikeli da tef da kati su ne bakinsa, kuma duk wanda ya rubuta lambar da bai auna ba ya yi wa yaron shaidar zur. Ma'aikaci ya auna kowane yaro da gaskiya, ko da layi ya kai bakin titi. Iyaye su riƙa kai yaransu awo kowane wata, su tabbata an tuɓe su an ɗora su a sikeli a gabansu. Idan kuwa uwa ta ce ɗanta ba daidai yake ba, miji da ma'aikaci su saurare ta, domin ita ce take goya shi kullum. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana.