Yadda Kurege Ya Yanke Ƙarshen Tatsuniya

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Azumi, ajiye kwanon nan, ba gudu zai yi ba.

A garin dabbobi akwai wata tsohuwar Bushiya. Duk shekara in mata sun zauna ɓarar gyaɗa da la'asar, ita ke tara 'ya'yansu ta yi musu tatsuniya don a samu a yi aiki. Al'adar garin, mai tatsuniya yana da ludayi guda na gyaɗa. Bushiya da kanta take ƙirƙirar labaranta, kuma kowanne da ɗacinsa a ƙarshe. Ɓarawo ya sha duka, makwaɗaici ya ƙone baki. Yara su yi tsit, su koma gida da ladabi.

Kurege ya ga ludayi, ya ga gyaɗa, yawunsa ya tsinke.

Ya je ya durƙusa. "Inna, koya mini."

Bushiya ta yi murna har da hawaye, don ba wanda ya taɓa roƙonta haka. Ta fara. Kurege ya kasa kunne wurin sata, ya kasa kunne wurin ci. Da an zo wurin duka sai ya miƙe. "Na gane, Inna, na gane." Kullum na gane.

Sai ya sami matan garin ya ce, "Tsohuwar nan firgita muku yara take yi. Ku gwada ni."

Ya zauna ya fara. "Ɓarawo ya hau rumbu, ya ci, ya ci, ya share baki."

Yara suka ce, "Sai me?"

Ya ce, "Sai ya ƙara!"

Yara suka faɗi ƙasa don dariya. Ludayi na Kurege. Gobe ludayi na Kurege. Jibi ludayi na Kurege.

Bushiya ta zo da 'yar tabarmarta, ba wanda ya matsa mata. Ta zo, ba wanda ya matsa mata. Ran na uku ta naɗe tabarmar, ta haye rafi, ta koma wurin 'yarta. Ko sallama ba a yi mata ba.

To, ku ji abin da ya biyo baya. Ɗan Zomo ya buɗe tukunyar uwarsa, ya ce, "Sai ya ƙara!" Ɗan Barewa ya shiga gonar maƙwabta, sai ya ƙara. Har ramin Kurege yaran suka yashe tas.

Mata suka ɗauko taɓare, Zabuwa ce a gaba tana ihu. "Fito, ɗan banza! Ka lalata mana yara!"

Kurege ya leƙo da kai kaɗai. "Yaya Zabuwa, in kun kashe ni wa zai ɗauko ƙarshen labaran? Ni kaɗai na san farkonsu. Ku dai ba ni guzuri."

Ka ji mara kunya. Suka ba shi ludayi guda, ya haye rafi.

Ya tarar da Bushiya tana shan hantsi, ta rame, ido ya yi hazo.

"Inna, ni ne. Ƙarshen labaran nan na zo karɓa."

Ba ta zage shi ba. Da ma ta zage shi. Ta gyara zama ta ce, "Ɓarawo ya hau rumbu, sai... sai..." Ta sake ɗaukowa daga farko, ta sake tsayawa a nan.

Ta ce, "Sun tafi, ɗan nan. Ba a tulu nake ajiye su ba. Da na rasa wanda zan faɗa wa, sai suka zube ɗaya bayan ɗaya. Ranar da nake ba ka, cewa ka yi ka gane."

Kurege ya zuba mata gyaɗar a gabanta, rabin da bai ci a hanya ba. Ya yi kuka na gaske, wanda ba ya neman komai da shi.

Garin kuwa bai komu ba, ga taɓare na jiransa. Shi ya sa har yau in kun gan shi a bakin gona, sai ya tsaya cak da ƙafa biyu, ya ɗaga kai, ya kasa kunne. Jira yake ko wani zai ƙarasa masa.

Ƙurunƙus, kan kurege da wutsiyarsa. In za ku ƙwace wa tsohuwa sana'a, ku zauna ku ji ta har ƙarshe tukuna.