Gyaɗa Uku Ta Kurege A Majalisar Dawa

Ku gyara zama, ga ta nan ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu na nan.

Duk shekara bayan kaka, namun dawa kan yi majalisa ta kwana bakwai a gindin wata tsamiya, Giwa ce shugaba. Al'adarsu, duk wanda ya miƙe da ƙudurin doka, sai a ba shi ludayin fura ya jiƙa maƙoshi.

To, Kurege ya gano wannan fura. Ya miƙe, a hana iska kaɗawa ranar Talata. Ludayi. Ya miƙe, a rage wa Raƙumi wuya. Ludayi. Ƙuduri arba'in a zama ɗaya! Shekara bakwai tsoho Kunkuru na ɗaga hannu, kafin hannun ya kai sama an tashi. Ni kaina tsohon nan yana ba ni tausayi.

Da Giwa ta gaji, ta ce, "Bana kowa gyaɗa uku. Mai ƙuduri ya jefa ɗaya a ƙwarya. In ta ƙare, bakinka ya ƙare."

Ranar farko Kurege ya jefa biyu, ya sha ludayi biyu. Ta ukun yana ta juya ta a hannu yana tunanin inda zai kashe ta, bai ankara ba sai ya ji yana tauna.

Rana ta huɗu Ɓauna ta jefa tata, ta ce a fitar da sabuwar hanya zuwa tafki, ta bi ta gindin ƙirya. Nan kuwa ramin Kurege yake, da matarsa da 'ya'yansa da abincin rani kaf.

Kurege ya zabura. "Ranki ya daɗe, ina da gyara."

Giwa ta ce, "Ina gyaɗarka?"

"Tana nan kusa, ranki ya daɗe."

"Kusa ina?"

Ya shafa ciki. Aka kwashe da dariya. Giwa ta ce sai an gama jin duk mai ƙuduri a yanke na Ɓauna, wanda ba a yanke ba har a tashi kuwa ya faɗi.

Tsoro ya kama Kurege sosai. Ya duba, saura mutum ɗaya mai gyaɗa. Ya lallaɓa ya durƙusa gabansa.

"Baba Kunkuru, shekara bakwai ana tauye ka. Abin na ci mini rai."

"Wa... ke... tauye... ni?"

"Bar tone-tone, Baba. Jefa ukun nan gaba ɗaya. Kuma babba irinka ba ya fara magana bai gai da kowa da sunansa ba, har kakanni."

Kunkuru ya jefa. Giwa ta ce, "Tsoho ba ya iya riƙe ƙwaryar fura. Kurege, kai ka taso shi, kai za ka tsaya ka riƙa ba shi har ya gama magana. Ka ɗanɗana, in taka ka."

Kurege ya miƙe kan ƙafa biyu, ƙwarya a hannu, fura na ƙamshi a hancinsa. Kunkuru ya fara gaisuwa. Ya gai da Giwa da uwar Giwa. Ludayi. Ya gai da Ɓauna da gajiyar Ɓauna. Ludayi. Rana ta biyar gaisuwa, ta shida gaisuwa. Yawun Kurege na zuba, amma da tsoho ya yi kamar zai tsaya sai ya raɗa masa, "Baba, ka manta da Bushiya."

Rana ta bakwai da la'asar Kunkuru ya gyara murya. "To... ƙudurina... na... farko..."

Giwa ta ce, "Lokaci ya cika, an tashi."

Ƙudurin hanya ya faɗi, rami ya tsira. Kurege ya ruga gida zai yi wa matarsa albishir, sai baya ya ƙi lanƙwasuwa. Ta leƙo ta gan shi ƙiƙam a bakin rami, hannu biyu a ƙirji, ta ce, "Malam, wa kake jira ya gama magana?" Har gobe haka za ku gan shi yana tsayuwa.

Ƙurunƙus, na sauke ta nan. Wanda aka ba gyaɗar magana, ya ci abinci kafin ya fito daga gida.